Ba A Bi Ta Ƙarƙashin Giwa

Ranar da Safara'u ta fara ganin Inuwa, a sama ta gan shi, kuma da faɗa suka fara.

Damina ce, shekarar da aka yi canjin kuɗi. Ta taso daga firamaren da take koyarwa, ta biyo ta garejin babanta da ke bakin titi a Unguwar Kanawa, sai ta iske hanya ta cushe. Wata tirela ce mai tayoyi ba iyaka take jan ciki, ɗauke da wani ƙarfe lulluɓe da tamfol, tsayinsa ya kusa kai bene. A can ƙololuwar kayan wani siririn saurayi ne tsaye da hular kwano, riƙe da doguwar gwafa, yana ɗage wayoyin lantarki don kayan su wuce.

Wayoyi dai sun wuce lafiya. Reshen mangwaron babanta, Malam Sanda, ne bai wuce ba. Ji kake ƙaras, ya karye ya faɗo kan rumfar gareji, kwano ya lotse.

Malam Sanda ya tafi Babbar Kasuwa sayen fenti, yaransa kuwa sun saki baki suna kallo. Safara'u ce ta ɗauki faɗan, don ita ta gado zuciyar gidan.

"Kai na sama, titin gidanku ne?"

Ko kallonta bai yi ba. Ta sake magana, shiru. Sai da tirelar ta fita daga kwanar sannan ya ɗaga hannu ya dunƙule, motar ta tsaya cak kamar an taka mata wuya. Ya sauko, ya cire hular kwanon, ya zo gabanta.

"Malama, ki yi haƙuri. Tun ɗazu na ji ki. In kaya na tafiya ba na magana da kowa."

"Ko da wane ne?"

"Ko da Gwamna ne."

Ya ce zai dawo ya gyara rumfar. Ta ce ta ji irin wannan alkawari a bakin masu manyan motoci. Ranar Lahadi sai ga shi da fallen kwano da ƙusoshi a bayan keke. Ya gyara rumfa, ya sha ruwan gidan, kuma tun daga ranar ya rasa wata hanyar komawa masaukinsa in ba ta Unguwar Kanawa ba.

A zaure, bayan la'asar, ya ba ta labarin aikinsu. Wani sabon kamfanin haɗa motoci ake ginawa a hanyar Mando, su kuma 'yan kwangila ne masu kafa injin buga bodi. Fallen ƙarfe ake sa masa a baki, ya danna sau ɗaya, ƙofar mota ta fito. Leburori suna kiransa Giwa. Guntu-guntu ake kawo shi daga Ikko. An haƙa masa rami mai zurfin rijiya, an zuba kankare, ruwan sama na cika ramin suna kwashewa. Aikin Inuwa shi ne tsayawa a ƙasa yana yi wa mai tuƙa injin ɗaga kaya alama da hannu, domin ƙara ba ta barin a ji murya.

Ya koya mata alamun. A dunƙule hannu, tsaya. A ɗaga yatsa sama ana juya shi, tashi. A murza tafin hannu da tafin hannu, a hankali.

"Doka ɗaya ce ta fi duka," in ji shi. "Ba a bi ta ƙarƙashin kaya in yana sama. Ko igiya sabuwa ce, ba a bi."

"To, Sarkin Hannu, na ji."

"Ke fa, 'Yar Mai Guduma, yaushe zan turo manyana?"

Ta sunkuyar da kai, ta murza tafin hannunta da ɗayan. Ya yi dariya har ya buge kai da bango. Ita kuwa ta shiga gida zuciyarta na tsalle, don ta san ta riga ta kamu, a hankalin nan na baki ne kawai.

Ƙawarta Hasana tana buga tafireta a ofishin kamfanin, ita ke kawo mata saƙonsa a rubuce a bayan 'yan katunan da ake liƙa wa akwatunan inji.

"'Yar Mai Guduma, yau mun sauke gindin Giwa cikin rami. Baturen da ke kula da aikinmu ya ce hannuna ba ya rawa. Bai gan ni a zaurenku ba. Naki, Inuwa."

Ita kuma ta mayar: "Sarkin Hannu, ka ci abinci kafin ka hau. Giwa ba ta san kana da mai jiranka ba."

Malam Sanda fa? Mutum ne da ya tsufa yana miƙe motocin da direbobi suka lotsa, da guduma da kunne, ya buga ya saurara. Zuciya gare shi kusa, amma bai iya dukan 'ya'ya ba. Sau ɗaya tak ya taɓa marin Safara'u, tana ƙarama, ranar da ta rarrafa ƙarƙashin wata motar da ke kan jak tana bin ɗan tsako. Dokar garejinsa ke nan har gobe: ba a shiga ƙarƙashin mota sai an tokare ta da gungume.

Da farko ya yaba da Inuwa, yaron da ya cika alkawarin rumfa. Sai da ya ji abin da Giwa za ta riƙa yi, fuskarsa ta canza.

"Wato injin da zai buga ƙofar mota kafin in ɗaga guduma shi yaron nan yake kafawa?" ya ce wa matarsa, Inna Asabe, Safara'u na jin su daga madafa. "Ya karya mini reshe, zai karya mini sana'a, sannan in ɗauki 'ya in ba shi? Kuma ɗan bin kwangila, yau Kaduna gobe Bauchi."

"Malam, ka je ka ga aikin nasa da idonka mana," in ji Inna. "Ba a yanke wa mutum hukunci daga zaure."

A nan Labaran ya sami ƙofa. Shi ne babban yaron gareji, ya daɗe yana kallon Safara'u da ido ɗaya, gareji da ɗayan. Ya ce ai ya san wata ɓaraka a shingen kamfanin inda masu sayar da abinci ke bi, shi zai raka Baba. Kuma da ya tashi zaɓar rana, sai ya zaɓi ranar da kowa ya san za a ɗora kan Giwa bisa gindinta.

Safara'u na shara ta ga babanta ya shigo, babbar rigarsa jage-jage da taɓo, hula a hannu. Ya shige ɗaki kai tsaye. Sai da Hasana ta taso daga aiki ta ji abin da ya faru.

"Kan Giwa na sama, yana lilo a igiya," in ji Hasana. "An zagaye wurin da jar igiya. Labaran ya ɗage igiyar ya ce wa Baba ya shiga, ai surukinsa ne mai wurin. Shi kuwa ya tsaya a baya. Baba ya miƙe sak wajen Inuwa yana sallama, ta ƙarƙashin kayan."

"Inna lillahi. Sai me?"

"Inuwa ya busa usur, ya dunƙule hannu, ya yi tsalle ya hankaɗe Baba waje. Baba ya faɗi cikin taɓo, hula ta yi nata wuri, gaban Turawa da leburori. Kuma Safara'u, bai tsaya ɗaga shi ba. Komawa ya yi wurin tsayuwarsa, ya ci gaba da alama har kayan suka zauna. Kafin ya waiwayo Baba ya tafi."

"Wani abu ya faɗo?"

"Ko ƙusa."

Abin da ya ɓata lamarin ke nan. Da igiya ta tsinke, da duk unguwa ta ce Inuwa ya ceci rai. Amma ba abin da ya faɗo sai Malam Sanda, kuma kafin magariba Labaran ya kai labarin ko'ina, har wajen masu shayi.

Washegari Inuwa ya zo ya durƙusa a gareji. Safara'u na leƙe ta ƙofar gida.

"Baba, na zo neman gafara. Faɗuwarka ta hana ni barci."

"Ka yarda ka yi kuskure?"

Inuwa ya dubi ƙasa. Safara'u na ta addu'a a ranta ya ce e, kalma ɗaya ce, ba ta kashe kowa.

"Baba, raina ya ɓaci da ka faɗi. Amma in aka sake, zan sake."

Malam Sanda ya nuna masa titi da guduma. "Kada in ƙara ganin ƙafarka a nan."

Safara'u ta tare Inuwa a bakin lungu, ko mayafi ba ta gyara ba.

"Me zai rage ka in ka ce ka yi kuskure? Dattijo ne, ka kayar da shi gaban jama'a."

"Safara'u, in na ce kuskure ne, na ce ke nan da na bar shi ya wuce. Ba zan iya faɗin haka ba, ko don in same ki."

"Ashe taurin kanka ya fi ni."

"Ba haka ba ne, 'Yar Mai..."

Ta ɗaga hannu ta dunƙule a gaban fuskarsa. Shi ya koya mata, don haka ya tsaya. Ta juya ta shige gida, ta yi kukan da ba ta taɓa yi ba, rabi don haushinsa, rabi don ta san gaskiya ya faɗa.

Kwanakin da suka biyo baya Safara'u ta zama kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Ta zauna, ta tashi. Ta sa gishiri a miya sau biyu. A aji ta rubuta darasi a allo ta goge, ta sake rubuta shi, yara na kallonta. In babbar mota ta wuce sai ta leƙa, alhali ta san tirelolin sun gama zuwa. Labaran kuwa ya sayi sabon takalmi, ya fara gaishe da Inna sau uku a rana.

Sai Hasana ta kawo kati.

"Safara'u, ranar Alhamis za a gwada Giwa. In ta buga lafiya, ranar Asabar motarmu za ta wuce Bauchi. Kamfani ya ce in zauna in riƙa kula da injin, in ina so. Ba zan iya zama garin da zan ga an kai ki gidan wani ba. Ban yi fushi ba. Ki ci abinci."

Ta karanta, ta ninke, ta buɗe, ta sake karantawa. Ta je wa Inna. Inna ta ce ta yi iya yinta, mutumin nan in aka ambaci sunan yaron sai ya tashi ya bar tuwo.

Ranar Laraba da azahar, lokacin da yaran gareji suka tafi cin abinci, ta ɗauki kwanon babanta ta kai masa da kanta. Wata tasi ce a kan jak, an cire mata ƙafa, ba a kai ga sa gungume ba. Safara'u ta dubi motar, ta dubi babanta, ta je ta durƙusa dab da ita, ta ajiye kwanon a ƙarƙashinta, ta miƙa hannu kamar za ta gyara masa zama.

"Ke! Fita daga nan!" Ya fizgo ta da ƙarfin da ya sa ta zauna daɓas a ƙasa. "Kin haukace? Ba ki ga ba gungume?"

Ta gyara zama, ta sunkuyar da kai.

"Baba, ka gafarce ni. Tambaya nake so in yi."

"Ina jin ki."

"Tun da nake, sau ɗaya ka taɓa marina. Ka tuna?"

Ya kawar da kai.

"Ran nan motar ba ta faɗo ba, Baba. Yau ma ba ta faɗo ba. Na yi kuka har dare, Inna ta ce ka lallashe ni, ka saya mini alewa. Amma ba ka taɓa cewa ka yi kuskure ba. Ni kuma ban taɓa jin wanda ya so ni kamar mai wannan marin ba."

Malam Sanda ya ɗauki guduma, ya ajiye. Ya ɗauki tsumma ya goge hannun da ba abin da ya taɓa.

"Ɗauki kwanon nan ki shiga gida," ya ce. "Da sanda za ki jawo shi."

Shi ke nan abin da ya ce. Alhamis ta zo, aka gwada Giwa. Mutanen Kawo sun rantse sun ji bugun a tafin ƙafarsu, ko da yake mutanen Kawo ba sa raina abin labari. Hasana ta ce ƙofar farko ta fito sumul, Turawa na tafi. Safara'u ta ji kamar a ƙirjinta aka buga. Juma'a ta zo ta wuce, babanta ya je masallaci ya dawo, ya ci tuwo, ya saurari labarai a rediyo. Ta dube shi ta gefen ido har idon ya gaji, ba ta karanci komai ba.

Asabar da hantsi tana wanke-wanke, hannu na yi, hankali na kan hanyar Bauchi, sai ta ji muryarsa daga gareji.

"Labaran, ajiye wannan. Kai ka san hanyar kamfanin nan, har ɓarakar shinge ka sani. Hau keke ka kira mini yaron nan kafin motarsu ta tashi. In ka dawo ba shi, kai ma kada ka dawo."

Safara'u ta saki kwano cikin ruwa. Ba ta taɓa yi wa Labaran fatan alheri ba sai ran nan, da ta roƙi Allah ya tsare masa tayar keke.

Jiran ya yi tsawo. Ta leƙa, ta koma, ta sake leƙawa, har Inna ta ce ta zauna kafin ta haƙa rami a tsakar gida. Can sai ga su, Labaran na tuƙi yana haɗa gumi, Inuwa a baya rungume da jakarsa da hular kwano. Ya sauka ya durƙusa ƙarƙashin mangwaron da ya karya wa reshe.

Malam Sanda ya bar shi a durƙushe, ya ci gaba da bugun wata ƙofa, yana bugawa yana saurare. Sai da ya gama ya juyo.

"An ce injin naka ya buga."

"Ya buga, Baba."

"To, ya yi ta bugawa. Na yi tunani. Shi ya buga sabuwa, direbobin Kaduna su lotsa ta, ni in miƙe. Muddin akwai 'yan tasi a garin nan, ba zan kwana da yunwa ba." Ya yi gyaran murya. "Har yanzu kana kan bakanka? In aka sake za ka sake?"

Safara'u ta riƙe ƙyauren ƙofa.

"Zan sake, Baba."

"Da ka ce a'a, da ka bi motarku." Malam Sanda ya zauna a kan benci. "Ran nan ina kwance cikin taɓo, amma idona biyu. Na ga ka bar ni ka koma wa kayanka, akwai mutane a cikin ramin nan suna jiran ya sauko. Na ga ka ajiye shi kamar ƙwai. Haushi ya hana ni faɗa. Wanda ba ya sakin kaya a sama don kunyar suruki, ba zai saki 'yata a tsakiyar hanya ba."

Inuwa ya kasa ɗago kai. Kafaɗunsa na rawa, mutumin da Bature ya ce hannunsa ba ya rawa.

Malam Sanda bai iya lallashi ba, kuma bai ga dalilin koya da tsufa ba. Sai ya ƙwanƙwasa benci da guduma har yaron ya dube shi, sannan ya ɗaga yatsa sama, ya juya shi a hankali.

Inuwa ya tashi.

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure a masallacin Unguwar Kanawa. Inuwa ya karɓi aikin kula da Giwa, ya kama ɗaki biyu a Malali. Leburorin kamfani suka zo da hulunan kwanonsu, yaran gareji suka zo da nasu gayyar, Labaran ne ma ya raba goro, fuska ba yabo ba fallasa. Da za a tafi da amarya, Malam Sanda ya sa aka kira su biyun zaure.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya sa ku riƙe juna yadda ake riƙe abu mai nauyi. Kai kuma, ga ta nan. Zuciyata gare ta, sai ka yi haƙuri."

"Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

A ƙofar gida motar amarya na jira, mata na guɗa. Inuwa ya matso kusa da ita ya rage murya.

"'Yar Mai Guduma, har yanzu a hankali?"

Amarya ba ta magana. Ta dai zaro hannunta mai lalle daga cikin mayafi, ta ɗaga yatsa ɗaya, ta juya shi. Direba ya ga alamar, ya ɗauka da shi ake, ya ta da mota.